Saurarmu Ce, Ba Sauranmu Ba Ne

Shekara goma ke nan da muka kai Malam Garba makwancinsa a Kontagora. Masu karatu da suka manyanta za su tuna shi da sunan Sanata, ɗaya daga cikin dattawan da aka tura majalisa a Ikko bayan samun mulkin kai. Ni taubashina ne, ɗan yayar mahaifina. Har ya bar duniya Ɗan Goggo nake ce masa, shi kuma yana ce mini Sarkin Barci, wai don na taɓa gyangyaɗi a kan jaki har na faɗo. Na so in yi wannan waiwaye da kwanciyar hankali. Bai yiwu ba, domin a bazarar nan an sake kafa turakun siminti a bakin gonakinmu, daidai inda aka kafa su a zamaninsa.

Tungarmu tana kusa da Nasko. Kambari ne mu, manoman dawa, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk a kunya ɗaya muke haɗuwa. In gona ta gaji mukan bar ta mu matsa gaba, gamba da kalgo su rufe ta shekaru, har ƙarfinta ya dawo. Irin wannan gona ita ake kira saura. Baƙo in ya gan ta zai ce daji ne. Mu kuwa mun san ta wane ce, daga ɗorawa da kaɗanyar da aka bari a tsaye, da tsofaffin kunyoyin da ke kwance ƙarƙashin ciyawa.

A zamanin Garba aka kawo wata doka gaban majalisa, wadda za ta ba gwamnati ikon karɓar duk ƙasar da ba a amfani da ita, a mai da ita gandun daji. Kafin nan wani mai safiyo, wato mai auna ƙasa, ya zo da tafintansa, ya nuna saurar da ke bayan rafi, ya tambayi dattijonmu Baba Magaji ko ta wane ce. Baba ya ba da amsa, suka tafi. Ba a jima ba sai ga turaku, aka ce duk wanda ya sa gatari a bayansu 'yan doka za su ɗaure shi. Wannan saura kuwa ita ce za mu shiga da damina mai zuwa. Gonakin da muke ciki sun riga sun gaji, ƙuduji ya cinye dawar har zangarniya ba ta kai tafin hannu.

Samari suka fara wasa adduna, suna cewa za su tumɓuke turakun. Garba ya zo daga Kontagora ya same mu a ƙarƙashin ɗorawa. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tsuguna gaban Baba Magaji ya ce, "Baba, me ka ce wa mutumin? Faɗa mini yadda ya fito daga bakinka."

"Me zan ce? Na ce masa sauranmu ne."

Garba ya dafe kai. Mu Hausarmu ta kasuwa ce, ba mu cika raba mace da namiji a magana ba. Baba yana nufin saurarmu ce, gonarmu mai hutawa. Tafinta ya ji sauranmu ne, wato abin da ya rage mana bayan mun ɗebi abin da muke so. Bai yi ƙarya ba, abin da kunnensa ya ji ya juya. Haka gonar kakanninmu ta shiga cikin ƙasar da babu mai bukata.

"To ni ban iya Hausa ba ke nan?" in ji Baba, ransa a ɓace.

"Ka iya, Baba. Mai tambayar ne bai sauka daga mota ba."

Ya roƙi samarin su ajiye adduna sai ya dawo. Wani ya ce masa daga baya, "In ka dawo hannu wofi fa?" Garba ya juyo ya kama hannuna. "Ga Sarkin Barci nan, zan tafi da shi. In na yi shiru a majalisa shi zai gaya muku, in dai bai yi gyangyaɗi ba." Babu wanda ya yi dariya.

Muka bi mota zuwa Zungeru, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko. Safiyar ranar zaman, wani babban mutum na jam'iyya ya zo masaukinmu. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Malam Garba, dokar nan tamu ce, daga sama ta zo. Ka tuna ba ƙuri'a ta kawo ka nan ba, naɗa ka aka yi." Garba ya raka shi har bakin mota da ladabi. Da ya dawo na ga ya kasa ɗaura igiyar takalminsa. Na ce, "Ɗan Goggo, ko mu koma gida?" Ya ce, "Mu koma mu ce wa Baba me?"

Aka zaunar da ni a benen 'yan kallo. Ba na jin Turanci, a lokacin ko sunana ban iya karantawa ba, don haka fuskoki na riƙa karantawa. Minista ya yi magana mai tsawo, ana gyaɗa kai. Sai Garba ya miƙe. Waɗanda ke gefensa suka sunkuyar da kai, ɗaya ya ja masa gefen riga. Ya fara a hankali. Can cikin Turancin sai na ji kalmarmu ta fito, saura, sannan ya sake faɗinta, saura, yana ɗaga hannun dama ga ɗaya, hannun hagu ga ɗayar. Wasu suka fashe da dariya. Minista ya tashi a fusace, shugaban majalisa ya buga guduma. Garba bai zauna ba. Zufa ta jiƙa bayan rigarsa har ina hango ta daga sama, ni kuwa ina tunanin addunan da ke jingine a tunga.

Daga baya ya gaya mini abin da ya faɗa. Ya ce musu ƙasar nan ba mutuwa ta yi ba, barci take yi, su kuma sun taru suna raba gadonta. Ya nemi a sa gyara a dokar, kada a taɓa ƙasar da ke da alamar noma sai an je da masu ita an taka ta da ƙafa.

Ya gama ya zauna. Babu wanda ya tashi ya goya masa baya daga ɓangarensa. Na ce a raina shi ke nan. Sai wani tsoho daga kudu, manomin doya, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ashe cewa ya yi su ma suna da suna ga irin wannan gona a harshensu, kuma da ita uwarsa ta ciyar da shi. Bayansa wani ya tashi, sai wani. Da aka zo amsa e ko a'a, muryoyin suka yi kusa da juna har ban gane wanda ya yi rinjaye ba. Na leƙa ƙasa. Garba ya ɗago kai ya neme ni, ya kwantar da kuncinsa a tafin hannu kamar mai barci, ya buɗe ido ɗaya. A nan na san gyaran ya shiga.

An cire turakun kafin ruwan shuka. Dawar da saurar nan ta ba mu a shekarar, har rumbunan aro muka cika. Shi kuwa abin da aka yi masa gargaɗi a kai ya same shi. Aka daina kiransa taro, masu cika masa zaure suka ɗauke ƙafa, ana raɗa cewa ya kunyata manya a gaban baƙi saboda kalma ɗaya ta mutanen ƙauye. Kafin a kai ga sauke shi soja suka rufe majalisar gaba ɗaya. Ya dawo Kontagora ya zauna shiru, ciwo ya kama shi, bai daɗe ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da an ba mu jiharmu ta Neja, mai kuka ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Zai yi mini tsiya da ya ji na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura. Amma ban san yadda zai ji ba in ya ji 'ya'yanmu suna cewa barin gona ta huta asara ce tunda ga takin zamani. Bakuna sun yi yawa, saura tana ƙanƙancewa, ban ce yaran ba su da hujja ba. Abin da na tabbata shi ne ba zai yarda a yanke wa ƙasa hukunci daga cikin mota ba.

Mai safiyon bana saurayi ne, ɗan wajen Rijau. Baba Magaji ya riga mu gidan gaskiya, don haka ni aka tura masa. Daga cikin mota ya nuna bayan rafi ya yi tambayar nan dai. Na ce, "Saurarmu ce. Sauko mu taka." Muka shiga gamba har ƙirji, na buɗe masa kunyoyin, na gaya masa mai kowace ɗorawa. Ya ce, "Baba, na sani, mu ma muna da ita. Amma ba ni ke yanke magana ba." Na tambaye shi ko gyaran Garba yana nan da rai. Ya ce dokoki sun canza, bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma yanzu babu majalisar da za a tashi a tambaya. Ana cewa za a maido ta. Masu shirin neman kujerun, ga tambaya tana jiranku a bayan rafi.

Garba bai bar titi da sunansa ba, ko hotonsa babu a gidana. Abin da ya bari shi ne, a tungarmu har yaro ba ya amsa wa baƙo tambayar ƙasa da baki kawai, sai ya ce sauko mu taka. Allah ya jiƙan Ɗan Goggo, ya sa barcinsa hutu ne. Turakun suna nan, hadari ya fara haɗuwa a gabas, samari sun zo sun tambaye ni ko su jira. Na ce musu kada kowa ya taɓa turke. Amma saura ta gama barcinta, ruwa na sauka za mu shiga.