Inna Warina da Alkukin Bangon Gabas

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, ana tsakiyar Azumin Nineba na kwana uku da cocinmu ke yi, Allah ya karɓi ran surukata Warina Isho, wadda duk garinmu Baghdeda, kusa da Mosul, ke kira Uwar Nashwan. Ta cika da hantsi a ɗakinta, tana da shekara saba'in da takwas. Washegari aka binne ta kusa da mijinta Habib. Ni Ikhlas, matar ɗanta Nashwan, ni na rufe mata ido.

Inna, masu makoki sun watse. An kwashe kujeru, an mayar wa maƙwabta tukwanensu, amma gidan nan bai yarda kin tafi ba. Da safe nakan ji jan silifas ɗinki daga tsakar gida zuwa falo, in tsaya da butar shayi a hannu ina jiran ki fara Zabura. Sai shirun ya yi tsawo kafin in tuna.

Ranar da aka kawo ni gidan nan ina amarya, ba kicin kika fara nuna mini ba. Hannuna kika kama, kika kai ni gaban alkukin da ke bangon gabas. Kika ce tun ana gini kika tsaya wa magini a ka, sai da ya bar miki wannan ramin a bango, yana mita wai za ki raunana masa aiki. A sama akwai gicciyen itacen zaitun da hoton Budurwa Maryamu. A ƙasa kin raba wurin biyu: hagu hotunan waɗanda suka riga mu, dama hotunan waɗanda suke raye amma sun yi nisa. Tsakaninsu fitila, ƙaramin kofi da ruwa da mai da lagwani.

"Nan za ki fara koya," kika ce. "Girki kuma a hankali. Na ci kubbar gidanku, dunƙulen alkama da naman nan, Allah dai ya kyauta."

Na yi dariya, tsoron da na shigo da shi ya ragu.

Wannan alkuki bai taɓa zama naki ke kaɗai ba. Matan unguwa sukan kawo hoton ɗa da aka ɗauka soja, ko 'yar da naƙuda ta yi wa wuya, ki sama masa wuri, ki riƙa ambaton sunansa har sai an zo an ce miki an samu sauƙi. Da cikina na fari ya zube, mutane suka cika ni da maganganu. Ke kuwa kika kama hannuna. Kika shimfiɗa mini bargo a gaban fitila, kika zauna a gefena kina jan carbi, har na yi kukan da ya ƙi fita. Bayan shekara biyu, a wurin nan kika fara ɗaga 'yata Dalya sama, tana jaririya, kafin ma a kai ta coci.

Sai watan Agusta na 2014 ya zo, mayaƙan nan masu baƙaƙen tutoci suka doso gari, kowa ya kama hanyar Erbil da abin da ke jikinsa. Nashwan ya cusa mu a motar maƙwabci, ni da ke da Dalya. Ya ce zai koma ya ɗauko Baffa Gorgis, wan mahaifinsa, wanda shanyewar jiki ta kwantar.

"Ku yi gaba, Inna, ina bayanku."

"Ka ɗauko mini hoton babanka," kika ce masa ta taga.

Maganarku ta ƙarshe ke nan. Daga shi har Baffa Gorgis ba wanda aka sake gani. Wayar Nashwan ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Na san wannan saƙon hoto ya ci ki shekara da shekaru, ko da yake ba ki taɓa furtawa ba.

A sansanin gudun hijira na Ankawa, a gefen Erbil, aka ba mu ɗakin kwano, wanda zafinsa ke dafa mutum da rana. Tun ba mu sami katifa ba kika tambayi wani dattijo ina ne gabas. Kika kifa kwalin kayan agaji a kusurwa, kika rufe shi da ɗankwalinki, kika ɗaure tsinke biyu da zare suka zama gicciye. Da na ga kin tsiyaya man girki a kofin shayi, raina ya ɓaci.

"Inna, man da za mu ci ne fa."

"Cokali ɗaya ne. Da ma kin cika mai a abinci, na taimake ki."

Kafin mako ya zagayo, matan sansanin sun gano wurin. Sukan tsaya har waje, a rana, kowace da sunan da take so a ambata. Akwai waɗanda suka daina zuwa coci saboda fushi da Allah, amma suna zuwa gaban kwalinki. Ba ki taɓa yi musu wa'azi ba. Suna kawai kike tambaya.

Da muka dawo bayan shekara uku, mun tarar an ƙona gidan. Ƙaurin ya sa Dalya amai tun daga bakin ƙofa. Ba gicciye, ba hotuna, alkukin ya zama baƙin rami kamar bakin murhu. Maza suka ce a fara da rufi da ƙofa. Ke kika ɗauki bokiti da soso kika nufi bangon gabas. Kin kankare shi har yatsunki suka fashe, kika shafa farar ƙasa, kika sa kafinta ya sassaƙa gicciye daga guntun ƙyauren da wuta ta rage. Hotunan matattu kika bi dangi ɗaya bayan ɗaya, aka tono su daga wayoyi aka wanko. Gefen dama kuwa ya cika har ya rasa wuri, don rabin zuri'a ta watse ƙasashen waje. Duk damina baƙin hayaƙin nan sai ya sake ɓullowa ta ƙarƙashin farar ƙasa, ke kuma ki sake shafawa.

Hoton Nashwan ne ya rasa gefe. Kika jingina shi a tsakiya, bayan fitila.

Abin da zan faɗa yanzu, Inna, ba wanda ya san shi sai mu biyu, kuma shi ne mafi girman alherin da wani mahaluƙi ya taɓa yi mini. Wani malamin makaranta, mutumin kirki da matarsa ta rasu a gudun hijira, ya je wurin Abuna Sabri, limamin cocinmu, ya nemi aurena. Abuna ya zo gida ya ce akwai hanya, in iyali sun yarda a ɗauki Nashwan a matsayin mamaci, a yi masa addu'ar matattu. Muka saurare shi har ya gama. Kika ba shi shayi da kleca, biskit ɗinmu mai dabino, kika raka shi ƙofa.

Da safe na zo zuba mai, na tarar da hoton Nashwan a hagu, kusa da na mahaifinsa. Kina zaune kina tsince alkama a tire.

"Inna, wa ya matsar da shi?"

"Ni."

"Wani labari kika ji?"

"Ban ji komai ba, 'yar nan. Ni na haife shi, ni zan ɗauki wannan. Ba don gadin tsohuwa uwarki ta haife ki ba. Ki je ki yi rayuwarki."

Ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ci gaba da tsince alkamarki.

Washegari na tsaya a bayan labule ina sauraron addu'arki. Kika jero sunayen matattu, kika tsallake nasa. Da kika gama, kika rage murya kika ce, "Ubangiji, ka ciyar da shi a inda yake. Sanyi ya shigo, ba shi da riga mai kauri." A nan na gane abin da kika yi. Kin binne ɗanki a idon mutane don ki sake ni, alhali a zuciyarki yana nan yana jin yunwa.

Da kika fita na mayar da hoton tsakiya. Da gari ya waye na same shi a hagu. Na mayar, kika mayar. Haka muka yi ta yi har malamin ya haƙura ya auri wata, kuma ko bayan nan ba ki daina ba, wai ko wani zai sake zuwa. Ban ƙi auren don a yabe ni ba. Na kasa ne kawai. Ba mu sake tayar da maganar ba, sai rana ɗaya da kika kama ni da hoton a hannu.

"Taurin kai kamar jakin Baffa Gorgis," kika ce, kika wuce abinki.

Da ciwo ya kwantar da ke a farkon hunturun nan, kika sa muka jawo gadonki inda za ki riƙa hango fitila ta ƙofar ɗaki. Dalya ta baro karatun jinya a Mosul ta dawo. Duk da haka da Azumin Nineba ya kama kika ƙi karɓar ko ruwa kafin azahar, har sai da Abuna ya yi miki faɗa.

Safiyar Talatar kin tashi da sauƙi, har muka yi murna. Kina kallon ƙofar falo, can sai kika kira ni.

"Ikhlas, kin bar mutum a tsaye."

Na juya. Ba kowa sai hasken rana a kan tabarma.

"Wane ne, Inna?"

"Ya rame," kika ce. "Tashi ki ɗora shayi."

Na tashi na ɗora. Kafin ruwan ya tafasa Dalya ta kira ni, na zo na tarar kin tafi, idonki na kan ƙofar. Na tambayi Dalya ko kin ambaci suna, ta ce a'a. Tun ranar ba na iya wuce ƙofar nan ba tare da na rage tafiya ba.

Na sa hotonki a hagu, kusa da na mijinki. Na Nashwan yana tsakiya inda na bar shi. Kullum da safe shi nake fara dubawa, kullum kuma yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ban san zan yi kewar wannan faɗan haka ba.

Yanzu ke kin san abin da muka kasa sani. In kin same shi a can, ki rungume shi, ki gaya masa 'yarsa ta girma, irin tafiyarsa take yi. In kuma kin duba ba ki gan shi ba, to ki roƙa mana, ke da kike kusa.

Ubangiji Yesu Almasihu, wanda ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, ya ji ƙan baiwarsa Warina. Ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutawa ta har abada tare da tsarkaka, ya tashe ta a ranar tashin matattu cikin masu tsayawa a damansa. Ya ji ƙan mijinta Habib, da duk waɗanda ta kwashe rayuwarta tana ambaton sunayensu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Sabiha da ke Sweden, da ɗanta Salam da ke Amurka, waɗanda ba su samu zuwa jana'iza ba, da jikarta Dalya, da matan unguwarmu da na sansanin Ankawa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Kai kuma Nashwan, in kana inda ta'aziyya za ta iya samunka: mahaifiyarka ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri. Amin.