Zumar da Gwaggo Yelwa Ta Kai

Duk wanda ya saba shiga motar Poli daga Garwa ya san Gwaggo Yelwa, ko bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai kwandon daddawa, wadda kullum direbobin ajans, wato kamfanin motocin haya, ke rigima da ita a kan wari, ita kuwa ta ce musu fetur ne ya kashe musu hanci. Daddawa take kaiwa kasuwar Poli, ta sayo gyaɗa da zuma ta juyo. Da Fillanci take ciniki, da Hausa take faɗa, jandarmomin hanya kuma ta tanadar musu ɗan Faransancin da zai raba ta da su lafiya.

Allah bai ba ta haihuwa ba. 'Ya'yanta su ne na yayanta, mahauci a babbar kasuwar Garwa: Iliyasu da ƙanensa Abdulhalim. Ita ta raine su bayan uwarsu ta rasu, ita ta share musu majina. Uban yana kwanta dama, sai ga su sun shaƙe wuyan juna a kan teburin naman da ya bari. Iliyasu ya ce shi ne babba, Abdulhalim ya ce shi ya fi shan wahalar wurin. Ƙarshenta ƙaramin ya kwashe iyalinsa ya koma Poli ya kafa tukubar tsire, kowa ya goge lambar ɗan'uwansa daga waya. Hanyar da ta rage tsakaninsu ita ce Gwaggo.

To, kada ku ɗauka gaisuwa suke ba ta. Iliyasu in ya ji za ta tafi, sai ya ce ta gaya wa butulun nan ko almajiri ya fi shi daraja a ƙofar gidansa. Ta shanye wannan, ta sha jijjigar hanya, ta isa Poli ta ce yayansa na gaishe shi, yana tambayar yara. Abdulhalim ya yi tsaki, ya ce ta gaya masa ko mutuwa ya yi kada a sa rai da shi wajen jana'iza. Ta dawo Garwa ta ce ƙanensa ya ji labarin ciwon ƙafarsa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Takan ce maimaita magana ai ko aku ya iya, ita aikinta ta haɗa jinin yayanta kafin ta bi shi.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har wata damina ciwon ƙirji ya kwantar da Iliyasu a asibiti. Ta kai labari Poli. Abdulhalim bai ko ɗago kai daga tsirensa ba, ya ce ba ruwansa. Gwaggo ta shiga kasuwa ta zaɓi zuma farar saƙa, wadda ita kanta ba ta taɓa saya wa bakinta ba, ta kai asibiti ta ce ƙanensa ne ya aiko. Ƙaton mutumin nan ya juya fuska bango ya yi hawaye. Daga ranar saƙonsa ya fara laushi da gaske, na Poli ma ya biyo baya sannu a hankali, har Gwaggo ta fara kai magana yadda aka ba ta.

Da Raudatu, 'yar Iliyasu, ta haihu, Abdulhalim ya yarda zai zo suna. Ranar Gwaggo sai ka ce ita ta haifi jaririn. Tana bakin murhu tana juya shinkafa tana yi wa kowa tsiya, maza kuwa suna zaure tare da limamin unguwa. Bayan an raɗa suna, Iliyasu ya kama hannun ƙanensa a gaban jama'a, ya ce ba zai manta da zumar da ya aiko masa ba.

Abdulhalim ya ce, "Wace zuma, Yaya?"

Mutumin kirki da sai ya sunkuyar da kai, amma ina! Kunya ta matse Abdulhalim, sai ya nemi inda zai sauke ta. Ya ce shi dai bai san zancen zuma ba, amma tun shekarar farko ya ba Gwaggo saƙon ban haƙuri, ashe bai iso ba? Iliyasu, da ya ga ƙofa a buɗe, shi ma ya faɗa ciki. Ya ce wallahi tun tuni ya aika a ce masa ya dawo su raba tebur. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowannensu ya san ƙarya yake yi. Wani dattijo ya ce wadda ta iya ƙirƙiro zuma ai za ta iya ɓoye sulhu.

Aka kira ta. Ta tsaya a bakin zaure, hannunta duk toka. Liman ya tambaye ta ko gaskiya ne an ba ta waɗannan saƙonni. Ta dubi Iliyasu, ya tsura wa tabarma ido. Ta dubi Abdulhalim, yana ta gyaran hula. Duk maganganunsu suna nan a kanta, da na butulu da na jana'iza, ba wadda ta ɓace. Ta san in ta zazzage su za ta wanke kanta tas, ta kuma san kafin la'asar Abdulhalim zai kasance a motar Poli, ba dawowa.

Ta ce, "Tsufa ne, malam. Mai yiwuwa na manta."

Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya tsare zumunci daga masu kai gulma da kawowa. Aka amsa da amin mai ƙarfi, muryar yaran da ta goya ta fi ta kowa fita. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka binne yayanta. Ta koma bakin murhu.

'Yan'uwan nan yanzu kullum suna waya. Gwaggo tana nan tana zuwa Poli da daddawarta, sai dai ta daina bi ta gaban tukubar tsire, kuma direbobi sun ce ta rage faɗa.

Bayan sunan da 'yan kwanaki, Hamida matar Iliyasu ta zo ɗakinta da ƙunshin nama. Ta durƙusa ta ce maigidan ne ya aiko, yana gaishe ta, ya ce ta yi haƙuri da abin da ya faru. Gwaggo ta kwance ƙunshin ta jujjuya tsokar. Tun Iliyasu yana koyon riƙe wuƙa ta san yankansa, wannan kuwa na wani tebur ne. Ta daɗe tana kallon Hamida, har matar ta kasa ɗago ido.

Can Hamida ta tambaya a hankali me za ta gaya masa.

Gwaggo ta ɗaure naman ta mayar mata a hannu. "Bai aiko ki da komai ba, 'yar nan, ba abin da za ki kai masa. Ki daina tun yanzu. Ni ma da haka na fara."