Kwandon Kifin da Muka Aika Gida

Mu uku ne tun muna firamare a Kafanchan: ni da na yi koyarwa har na yi ritaya, da wani manomin citta ɗan Kagoro, da wani Ibo da aka haifa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda yanzu yake da shagon taki da maganin feshi a kasuwa. Hausar Ibon nan ta fi tamu kyau, kuma ba ya bari mu manta. Manomin citta kuwa, tun da aka sa ranar auren 'yarsa ta fari muka daina kiran sunansa, sai Baban Amarya. Shi ya jawo mana tafiyar.

A taron zumuntar maza na cocinmu ya miƙe ya cika baki, wai baƙin 'yarsa ba za su ci kifin ƙanƙara ba, kifin kogi za su ci, wanda ya kama da hannunsa. Aka yi masa tafi. Ni na san mutumin nan rabonsa da ƙugiya tun muna sa gajeren wando, na kuma gaya masa haka a bakin coci. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, sai ka zo ka koya mini, tun da kai ka san komai." Da wannan baƙar maganar ya saye ni. Ibon ya ce shi ma ya gaji da warin shago, zai bi mu ya sha iska.

A wani ƙauye can bayan Gwantu muka sami mai kwalekwale. Ya ba mu hayar jirgin da raga da ƙugiyoyi da rabin duro na banda kifi, na mako guda. Da babura aka kai mu, ta wata hanya da ta kusa raba ni da ƙuguna. Ya nuna mana wani gurbi mai zurfi tsakanin duwatsu, inda ruwa yake taruwa da rani, ya ce zai leƙo mu a tsakiyar mako da burodi da ruwan leda, sannan ya zo ya kwashe mu ran Asabar. Wayoyinmu sun zama fitila kawai, don babu sabis ko ɗigo.

Kwanakin farko kogin ya raina mu. Mu jefa raga ta dawo da ganye, mu kafa ƙugiya kifi ya cinye tana ya bar mana ƙarfen. Abin da muka samu 'yan karfasa ne, ko tafin hannu ba su kai ba, su muka dinga ci da doya. Na tsokani Baban Amarya son raina. Na ce ya fara tunanin yadda zai raba karfasa ɗaya wa dangin ango. Yana dariya, amma na ga abin yana cinsa, don shi yake riga kowa shiga ruwa, shi yake fita ƙarshe. Duk da haka wurin yana da daɗi. Kwaɗi suna ta surutu, belbela suna sauka a kan duwatsu, mu kuma muna tone tsofaffin labaran da matanmu suka gaji da ji.

Wata safiya muka ji ihun Baban Amarya daga bakin ruwa.

"Ku zo! Ku zo ku ga aikin Ubangiji!"

Kifi ne a saman ruwa, ko'ina. Tarwaɗa masu kaurin dantse, ragon ruwa, kurungu, suna juyi a hankali suna buɗe baki. Ba a ma bukatar raga. Ka sa hannu ka ɗauka, kifin ya ɗan motsa jela ya haƙura. Tarwaɗar da na sani, ko a tukunya sai ta yi faɗa da kai. Wannan ko a jikinta.

Na ce, "Wannan abu bai kwanta mini ba."

Ya ce, "Malam, kai ko an ba ka albarka sai ka duba ko da kuskure a ciki. Zafi ne. Ruwa ya yi zafi, suna neman iska."

Ibon ya ce yana iya yiwuwa, ya taɓa jin haka. Rana kuwa tana dukan duwatsun nan da gaske. Muka cika kwalekwale, muka yini muna fasa ciki muna banda, hayaƙi yana cin idanunmu. Baban Amarya yana rera waƙar coci, baki har kunne. Mun ɗanɗana kaɗan, ba mu ci da yawa ba, don ya kafa doka cewa wannan na biki ne.

Washegari mai kwalekwale ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Bai ma sauko bakin ruwa ba, yana sauri, ana jiransa a kasuwa. Baban Amarya ya zaɓi manya manya, ya cika kwando, ya rufe da buhu, ya ɗaure masa a bayan babur. Ya ce ya ba direban motar Kafanchan, a kai gidansa.

"A gaya wa mata na, wannan somin taɓi ne. Ta yi wa yara miya su ji hannun babansu. Kan kifi na amarya ne, kada wani ya taɓa."

Muna tsaye muna jin ƙarar babur ɗin har ta ɓace a cikin kurmi.

Da yammar ranar kaina ya fara sarawa, miyau yana taruwa a bakina ina ta tofarwa. Ibon ya zaga bayan dutse sau da yawa. Muka ɗora wa rana laifi. Abin da na kasa ɗora wa rana shi ne shirun. Na zauna a bakin ruwa ina neman abin da ya ɓace, sai na gane kwaɗin nan ne. Ko ɗaya ba ya kuka.

Da gari ya waye kifin da ke saman ruwa ba ya juyi kuma. Cikinsu fari a sama, ƙanana da manya, har da 'yan mitsi mitsi da ba mai kama su. Kwaɗi a miƙe a gefen yashi, da kaguwa. A kan dutsen da muke shanya kaya na ga belbela ɗaya a kwance, wuyanta a lanƙwashe, ƙudaje ma ba su damu da ita ba. Na kira Baban Amarya na nuna masa. Ya kalla, ya kawar da kai, ya ce tsuntsu ma yana tsufa ya mutu. Na ji kamar in mare shi. Na ce masa ni ban yi tsufan da zan mutu a bakin kogi saboda alfaharin wani ba. Muka yi ta sa'insa, shi yana ce mini mai baƙin ciki, ni ina ce masa mai taurin kai, ba mu lura Ibon ya bi kan duwatsu ya yi sama da kogin ba.

Ya ɗan jima kafin ya dawo. Yana riƙe da robobi guda biyu da bakin sanda, ya miƙa su nesa da jikinsa. Ya jefar a gabanmu. An yage takardun jikinsu, amma shi ba ya bukatar takarda.

"Maganin ƙwari ne, na feshin gona. Irin shi nake sayarwa. Akwai su da yawa a can sama, an juye a ruwa. Sun kwashe nasu kifin sun tafi, abin da ya tsere musu shi ya gangaro mana."

Baban Amarya ya ce, "Amma ai mun banda shi. Wuta ba ya kashe shi?"

"Wuta ba ta kashe wannan, ɗan'uwa. Yana cikin naman."

Baban Amarya ya tsaya yana kallon robobin. Ina ganin lokacin da abin ya iso masa. Gidansa cike yake da mutane saboda biki, 'yan'uwa daga Kagoro da yaransu, da tsohuwarsa, da amarya. Ya ce a hankali, "Kwando."

Muka haƙa rami a yashi da filafili da hannu, muka juye sauran kifin duka, muka binne, don kada wani ya tsinta. Muka bar raga da duro da tabarmi a nan. Baban Amarya ya hau dutse mafi tsawo yana ɗaga waya sama, yana juyawa gabas da yamma, ba komai. Muka kama hanyar da babura suka kawo mu, da ƙafa, mu uku tsofaffi da ciwon kai. Shi ne a gaba, kuma mutumin da kullum yake kukan gwiwa, ranar sai da muka dinga roƙonsa ya jira mu. Ina jin yana maimaita abu ɗaya, "Yesu, kada ta dafa. Yesu, kada ta dafa." Ni kuma na san matarsa, mace ce mai jin maganar miji, kuma kwandon ya kwana a gidan. Ban faɗa ba, amma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Rana ta take sosai kafin mu fita bakin titi, muka sami masu babur zuwa Gwantu. A tasha sabis ya shigo. Baban Amarya ya kira matarsa, wayar a kashe. Ya kira amarya, tana ta ringin ba a ɗauka. Ibon ya kira matarsa ya ce ta ruga gidan, sai ga shi ta tafi jana'iza a Zonkwa. Tawa kuma tana Kaduna wurin jikoki. Motar Kafanchan tana jiran fasinja, Ibon ya ce wa direba ya tashi, kujerun da suka rage a wuyansa. Duk hanya Baban Amarya yana kira yana sake kira. Wata mata a bayanmu ta tambaya ko rasuwa aka yi.

La'asar ta yi lokacin da muka shiga unguwarsu. Tun daga nesa muka hango mutane a ƙofar gidan, kuma muka ji kuka. Baban Amarya ya kutsa cikin mutanen, ni da Ibon muka bi shi ciki.

Yara ne suke kuka, sun kewaye karen gidan a gindin mangwaro. Yana kwance yana shure shure, kumfa a bakinsa. Matar tana tsaye da muciya a hannu, duk ta rikice. Da ta ga mijinta ta fara ba da haƙuri.

"Baban yara, ban buge shi da ƙarfi ba, Allah ya sani. Jiya ban samu lokaci ba, na rataye kwando a sito. Yau ya ja shi ƙasa, ya ci kusan rabi. Sau ɗaya kawai na buge shi."

"Sauran fa? Ina sauran?"

Ta nuna murhu da muciya. Babbar tukunya tana tafasa, ƙamshin miya ya cika gidan, an riga an jera kwanonin yara a ƙasa kusa da tuwo. Ya tafi kai tsaye ya sa ƙafa ya ture tukunyar. Miya ta malale a tsakar gida, kawunan tarwaɗa suna tururi a cikin ƙasa. Mata suka sa ihu. Amarya ta fito daga ɗaki da rabin kitso a kanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kama kafaɗar kowane yaro yana tambaya, "Ka ci? Kin ci?" Kowa ya ce a'a. Tsohuwarsa ta ce a'a. Amarya ta ce tana jira a sauke ne. Na fara sakin numfashi.

Sai matar ta ce, "Ni dai na ɗanɗana gishiri. Na ci ɗan guntu, in ji ko ya nuna."

Ya kama fuskarta da hannu biyu yana leƙa idanunta, a gaban surukai da kowa. Ita kunya ce ta dame ta, tana cewa, "Baban yara, mutane suna kallo." Ibon ya riga ya tsayar da keke napep a waje. Kafin mu fita da ita karen ya daina motsi.

Ta kwana a asibiti ana ƙara mata ruwa, ta yi amai, ta tashi lafiya. Mu ma aka duba mu. Ibon ya koma ƙauyen da kansa ya gaya wa mai unguwa kada a sha ruwan, kada a ci kifin. Wanda ya zuba maganin har yau ba mu san shi ba.

An yi biki ranar da aka sa, da shinkafa da naman kaza. An fito daga coci, mutane sun cika rumfuna, yunwa ta kama kowa, matan zumunta sun ɗauko faranti za su fara rabo. Baban Amarya ya taso daga kujerar manya da babbar rigarsa, ya ce su dakata. Ya karɓi cokali, ya bi tukwanen nan da kuloli, ya ci daga kowacce, har kunun yara bai bari ba. Sannan ya jawo benci ya zauna a gabansu, ya ce ba za a ba kowa ba tukuna. Mai gabatarwa yana ta kame kame a lasifika, dangin ango suna gunaguni, wata tsohuwa tana tambaya ko al'adar Kagoro ce. Na je na zauna kusa da shi, Ibon ya zauna a ɗaya gefen. Na ce masa kaza ce, daga gidan gona aka sayo, da idona na ga an yanka.

Ya ce, "Na sani, Malam. Bari dai mu ɗan jira."