Fumfunar Ɗakin Kakata

Duk lokacin da na buɗe akwatin tufa a tsakiyar damina, warin nan na danshi ya bugi hancina, sai zuciyata ta koma gidanmu na Madarunfa, can gefen tafki, inda ƙasa ba ta bushewa sai an yi girbi.

Shekarar da kakanmu ya rasu, baffana ya tashi kakata daga ɗakinta na kan tudu, ya jibge buhunan gyaɗa a ciki, wai sai sun yi tsada zai kai kasuwa. Ita kuma ya mai da ta wani ɗaki na ƙuryar gida, inda ruwan tsakar gida ke taruwa. Mahaifina ya riga ya rasu, babu mai cewa uffan. Ni nake kwana da ita, ina da shekara sha biyu.

Da ruwa ya sauka, bango ya fara gumi. Fumfuna ta fito baƙa daga gindin bango, ta hau tabarma, ta hau takalma, har ƙoshiya ba ta bari ba. Kakata ba ta zauna ba. Mu kankare bango da tsohuwar wuƙa, mu shafe shi da toka da kanwa. Mu janye gado daga jikin bango, mu fitar da komai rana, mu ajiye kaskon garwashi ya shanye laima. Da kanta ta huda ƙaramar taga don iska ta ratsa. Bayan kwana huɗu abin ya dawo.

Sai tari ya kama ta. Ta roƙi baffana ya mayar da ita ɗakinta ko na wata biyu ne, ya ce ɗaki ai ɗaki ne. Wata safiya ta buɗe akwatinta, ta tarar farin yadin da ta ajiye don likkafaninta duk ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Sau uku muka wanke shi da lemun tsami, tabon bai fita ba. Ta naɗe shi ta ce, "Bar shi, ɗiyata. A haka zan tafi, kowa ya gani."

A cikinsa aka rufe ta, tun gero bai fid da kai ba.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka mutane suna gona, na hau soron ɗakin nan na kan tudu, na cushe indararo da tsumma da laka. Ruwa ya kwanta a sama, ya riƙa tsattsafowa kan buhuna, ƙofa kuma a kulle. Ranar da baffana ya buɗe, gyaɗar ta dunƙule ta yi gashi kore. Ko awaki ba su shinshina ta ba. Ina tsaye ina kallonsa ya dafe kai, ban ji tausayi ko ƙanƙani ba.

Yau ina aure a Maraɗi, cikin ɗakin siminti mai taga biyu, kwalbar jabel, ruwan wanki mai kashe fumfuna, tana bayan ƙofa. 'Ya'yana ba su san tarin danshi ba. Baffana ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Duk sallah nakan je gaishe shi, kuma har yanzu yakan ba ni labarin shekarar da maƙiya suka yi masa sammu gyaɗarsa ta ruɓe. Nakan gyara zama in saurare shi har ƙarshe, in ce Allah ya kyauta.