Kitson da Anti Ousseina Ta Yi a Majalisar Raleigh

Tun kafin motocin makaranta su fara kwasar yara a East Greensboro, Anti Ousseina ta riga ta buɗe shagonta, wanda ke maƙale tsakanin gidan wanki da kantin wani ɗan Gana mai sayar da doya da manja. Za ta jona butar ruwan zafin da ake tsoma jelar kitso, ta wanke matajai, ta jera kibiyoyi a kan farin tawul, sannan ta haɗa shayinta mai citta ta ajiye a gefen madubi. Ban taɓa ganin ta shanye shi da zafi ba, domin kafin ta kai kofin baki an turo ƙofa. 'Yan jami'a ne masu son kalaba, ko tsofaffin matan coci da ke son shuku kafin Lahadi, ko mu matan Hausawa da muke zuwa da ɗankwali da surutu. 'Yar Maradi ce, ta zo ƙasar nan fiye da shekara ashirin tare da mijinta Malam Mourtala, direban babbar mota. A ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin shago ga Bebi, babbar yarinyarta a sana'a, ta koma gida ta huta.

Ni 'yar Kano ce, aikin jinya nake yi, kuma kaina ya daɗe a hannunta. Abin da na gani a shagon nan yana da yawa. Na ga mace ta sauka daga Tawa ba ta san ko a'a da Turanci ba, Anti ta ba ta kujera da mataji, ta ce, “Zamna nan, ɗiyata, hannunki ya iya magana.” Na ga an kawo yarinyar da jinyar ciwon daji ta zubar wa gashi, da ya fara tsirowa Anti ta yi mata 'yan layuka a hankali, uwar tana kuka a bayan madubi. Wannan duk wanda ya san ta zai ba ku labari. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata Talata a Raleigh, babban birnin jiharmu, shekara uku da suka wuce, wadda har yau in na tuna sai na ce innalillahi.

Gayyata ce ta zo daga majalisar dokokin jiha. Wani rukunin 'yan majalisa, kokus suke kiransa, wanda ya haɗa jam'iyyun nan biyu don kula da ƙananan sana'o'i, shi ne zai yi ranar karrama makitsa 'yan Afirka. Za a turo mota, za a ba da abinci, za a yi hotuna. Ku zo ku ga murna. Mata suka fitar da anko, shadda mai ruwan bula, har da wadda ta ari sarƙa. Duk mun yi lissafi iri ɗaya: mutanen da kullum muke gani a talabijin suna yi wa juna kallon hadarin kaji, in har suka haɗu a kan abu ɗaya, ai abin nan alheri ne. Aka roƙe ni in bi su in yi tafinta, domin Turancin Anti na shago ne, ya ishe ta ciniki amma bai kai jawabi ba.

Wanda ya tarbe mu wani saurayi ne mai fara'a, Malachy, sakataren kokus ɗin. Shi ya kama ɗakin taro, shi ya tsara wanda zai yi magana da wanda zai yi shiru, shi ya san inda kowane ɗan majalisa zai tsaya a hoto. Abinci kuwa har da shinkafa dafa-duka da naman halal, wani ya yi bincike a kanmu sosai. Muka ci muka ƙoshi.

Anti ta goge hannu ta jawo ni. “Bon, Hanifa, ba a cin abincin mutum a tashi kamar kaji. Tambayo mini mai gayyar, in yi mai godiya.”

Na tambayi Malachy. Ya ce ba komai, kokus ne. Anti ba ta gamsu ba. Ta ce kokus ba ya shiga kicin, ita mutum take nema, wanda ya turo mota ya sa aka dafa. Yaron ya yi dariya, ya amsa ba tare da ko ɗar ba, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Ya ce ai ƙungiyar masu makarantun gyaran gashi ce ta ɗauki nauyin komai. Shi ma ma'aikacin ƙungiyar ne, aro aka ba kokus shi, tunda ba su da ma'aikata nasu.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har ya ƙara da albishir: akwai ƙudurin doka da kokus zai gabatar, wanda ofishinsu ya taimaka aka rubuta, domin a ɗaga darajar kitso. Duk mai son ta taɓa kan mutum sai ta shiga makaranta kusan shekara, ta ci jarrabawa. Zuwanmu yau shi ne shaidar cewa makitsa suna goyon baya.

Sai da Anti ta zungure ni kafin na iya fassara mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Makarantar wa?”

“Tasu, Anti.”

“Jarrabawar, da wane baki?”

“Turanci.”

Malachy ya ga fuskarta ta canza, ya yi maza ya ce ita kam ba ta da damuwa. Masu tsohon lasisi irinta an yafe musu. Hasali ma, wata makarantarsu a Sedgefield tana neman malamar kitso, aiki na zaune, da inshorar lafiya, kuma sunanta ne a gaba.

Anti ta waiwaya ta dubi matan da ta cika mota da su. Suna can suna gyara ɗaurin kallabi saboda hoto. Bebi a lokacin ita ke riƙe da 'ya'ya uku ita kaɗai, kuma ko sunan titinsu sai an karanta mata. Rabin matan nan haka suke. In dokar ta wuce, kibiya ta faɗi daga hannunsu ke nan, kuma da ankonsu da murmushinsu za a yi hujja. Masu kamun ƙafa na san da su, kowa ya san da su, amma a zatona a bakin ƙofa suke tsayawa suna jira a ba su minti biyar. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa su ne masu riƙe da makullin ɗakin, su ke rubuta ajanda, su ke zaɓar wanda 'yan majalisa za su ji. An ba kura ajiyar nama, kuma da rana tsaka, ba wanda ya ɓoye.

Na ce, “Anti, mu kwashe matanmu mu tafi.”

Ta ce, “Mu tahi ina? Hoton an riga an ɗauki rabi. Tsaya ki gani.”

A tsarin Malachy, ɗaya daga cikin shugabannin kokus biyu, wata dattijuwa baƙar fata mai furfura cunkus, za ta zauna a kujera Anti ta yi mata layi biyu a gaban kyamara, a tafa, a watse. Matar ta zauna tana wasa da dariya. Anti ta sa hannu cikin gashin, ta ce in tambaye ta: na hoto take so, ko na gaske? Matar ta ce rabonta da kitso na gaske tun kakarta tana da rai, a yi mata na gaske. Anti ta yi bisimilla, ta tsaga kan gida biyu, ta ɗaure ɓangare ɗaya ya yi tsiri sama, ta kama ɗayan da ƙananan layuka sirara, irin waɗanda ba ta yi sai ga amare.

Duk macen da ta taɓa zama gaban makitsiya ta san abin da ya faru. Wadda aka fara wa kitso ba ta tashi. Ba za ta shiga zauren majalisa da rabin kai a tsefe ba, ko da gwamna ne ke kira.

Sai Anti ta yi kira. “Bebi, zo ki riƙe mini mai. Tsaya nan gabanta. Gaya mata shekararki nawa kina kitso, da wanda ya koya miki.” Bebi ta fara da in-ina, ina fassarawa. Ta ce a gindin bishiyar gidansu ta koya tun ba ta kai aure ba. Ta ce in ta bar shago ta zauna aji shekara, wa zai ciyar da yara? Ta ce wace makaranta ce a jihar nan ta iya abin da ake yi wa kan Madam yanzu? Bayan ta, wata ta zo ta riƙe man, bayan ta wata. Dariyar 'yar majalisar ta ɗauke. Ta ce ita an gaya mata makitsa ne da kansu suka nemi dokar. Ta so ta juya ta nemi Malachy, Anti ta mayar da kan da yatsa biyu, yadda take yi wa kowa, ta ce da Turancinta, “No move, Madam.”

Malachy ya zagaya ya dawo, ya duba agogo, ya raɗa cewa akwai wani zama. Abokin shugabancinta na ɗaya jam'iyyar, wani Bature mai sanƙo, ya zo ɗaukarta, ya ga hali, ya jawo kujera shi ma ya zauna. Anti ta dube shi ta ce mini, “Wannan Allah ya cece shi, babu abin kamawa.” Ban fassara ba, amma da mata suka fashe da dariya shi ma ya shafa kansa ya yi.

Ni ce na kasa haƙuri na tambayi dattijuwar: wannan aron sakatare, ba laifi ba ne? Amsarta ta fi komai girgiza ni. Ta ce ba ta san wata doka da aka karya ba. Su ba su da mai kama musu ɗaki ko mai yi musu bincike, wanda ya kawo kansa shi suke karɓa, kuma tun da take zama a kokus ɗin babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta faɗi haka a sanyaye, kanta a sunkuye.

La'asar ta yi kafin Anti ta tufke layin ƙarshe. Matar ta daɗe tana kallon madubi. A bakin ƙofa Anti ta tsaya gaban Malachy ta ce in gaya masa mun gode da abinci, ya yi daɗi, Allah ya saka. Da gaske take.

Ba zan ce muku duniya ta gyaru ba. Sashen da ya shafi makitsa dai an cire shi daga ƙudurin, matan Anti suna nan suna aiki. Kokus yana nan, sakatarensa ma na aro ne har yau. Aikin Sedgefield ba a sake maganarsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikinmu aka samu masu cewa ta ci abincin mutane ta kunyata su, wai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malam Mourtala ya yi makonni ba ya barci da kyau, yana tsoron kada abin ya taɓa takardunsu. Ita kuwa washegari ta jona butarta kamar kullum.

Anti Ousseina, ke ce aka shimfiɗa wa tabarma a inuwa, kika ƙi zama saboda 'ya'yan wasu suna rana. Ke ce ba ki da lauya, ba ki da ofis a Raleigh, kika sa aka saurari matan da aka kawo don su yi murmushi kawai. Uwar makitsa, ba ki ɗaga wa kowa murya ba, ba ki zagi kowa ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi mata walimar sallama a gidan wata ƙawarta a McLeansville. Kallabinta ya zame, na ga ta kai hannu sau biyu ta kasa ɗaurawa, sai Bebi ce ta tashi ta ɗaura mata. Na kama hannun na duba da idon aikina. Gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura sun karkace. Na ce, “Anti, tun yaushe?” Ta janye hannun ta ce in ci masar da ke gabana kafin ta huce. Malam Mourtala ne ya gaya mini daga baya. Tun kafin tafiyar Raleigh likita ya hana ta ƙananan kitso, ya ce in tana son yatsunta su kai ta tsufa ta tsaya ga manyan layuka. Ashe aikin koyarwar nan da inshorarsa ya zo mata daidai lokacin da take bukata. Ta san haka sarai da ta zaɓi layuka mafi sirara a kan matar nan. Da suka dawo gida daren nan, shi ya riƙa ba ta abinci a baki, domin cokali ya gagare ta.

Ina tsaye kusa da ita duk yinin nan na Raleigh, ni da nake ma'aikaciyar jinya, amma ban lura ba, domin ko sau ɗaya ba ta yamutsa fuska ba.

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki lafiya, ya sa hutun ya yi albarka, ya saka miki da gidan Aljanna. Mu kuma da muka rage, 'yan boko da direbobi da masu shago, za a sake gayyatarmu, da mota da naman halal. Mu je, mu ci, mu yi godiya, amma mu buɗe baki mu yi magana da kanmu tun kafin a ɗauki hoto. Anti ta ba da yatsunta, ba ta da wasu da za ta sake bayarwa.