Dakalin Mis Earline

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a yammacin birnin Baltimore na Amurka ranar Asabar da safe ya san Mis Earline Gaskins. Ko bai san fuskarta ba, ya san bayanta, domin a durƙushe za ka same ta a ƙofar gida, bokiti a gefe, buroshi a hannu, tana dirzar dakalinta na farin dutse mai hawa-hawa kamar ya yi mata rashin kunya. Haka ta ga uwarta tana yi, haka matan layin suke yi tun zamanin da mazansu ke sammakon tafiya kamfanin ƙarfe. A wurinmu ba a tambayar mace ko tana da tsafta, dakalinta ake kallo. Kuma akwai dokar da ba wanda ya rubuta amma kowa ya sani: ba a wanke wa wata dakalinta. Wadda ta kai buroshi ƙofar maƙwabciya ta kira ta ƙazama ke nan a gaban jama'a, gaba kuma ta ƙullu har jikoki.

Gidan na ubanta ne. Da gumin kamfanin ƙarfe ya saye shi, a lokacin da layukan da ake yarda baƙar fata ya sayi gida a cikinsu ba su da yawa. Earline ta tashi a ciki, ta yi aure a ciki, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan firamare abinci har ta yi ritaya, ta binne mijinta, ba ta gusa ba. 'Yarta guda, Rochelle, tana can garin Charlotte, kullum waƙarta ɗaya ce a waya: Mama ki sayar ki dawo wurina. Amsar ma ɗaya ce.

"Ta ƙofar nan aka shigo da ni a tsumma, ta nan za a fitar da ni a akwati. Ki gaishe min da yara."

Sai ga masu kwalaye sun ɓullo. Kowace falwaya a unguwa an manna mata kwali mai ruwan ɗorawa, MUNA SAYEN GIDA KUƊI HANNU, da lambar waya. Masu sayen gida wai! Yawancinsu ko ƙofar banɗaki ba su da kuɗin saya. Sana'ar ita ce su lallaɓa tsoho ya sa hannu cewa ya sayar a kan farashin wulaƙanci, sannan su ɗauki takardar su kai wa mai kuɗin gaske ya saya da tsada, su soke ribar a aljihu. Gida bai taɓa zama nasu ba ko na yini ɗaya. Ni dai har yau ban sami sunan da ya dace da wannan ba in ba cuta ba.

Bango ɗaya ne ya raba Earline da Mista Cleophus Dorsey, tsohon direban bas, mutum mai ji da kansa wanda ko shara zai fitar sai ya sa hula. Matarsa Idella ita ce kaɗai dakalinta ke gogayya da na Earline. Da Idella ta rasu, dakalin ya fara dushewa. Namiji irin Cleophus ba ya durƙusa da buroshi, ba a haife shi a wannan zamanin ba. Earline tana gani, kowace Asabar hannunta yana ƙaiƙayi, amma ta danne. Yaya za ta wanke dakalin Idella ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba? Ai ya zama ta zage ta a bayan idonta. Saboda girmama mamaciya ta bar dutsen ya yi baƙi ƙirin, ganye ya taru a kusurwa.

Ba a daɗe ba wani saurayi mai suna Jarrod ya fara zuwa, fes da shi, haƙora a waje. Yana zama da Cleophus a falo, yana ce masa Baba, suna hirar ƙwallo. Ya nuna masa inda rufi ke yoyo, ya tuna masa haraji, ya ce mutum mai shekarunsa bai kamata ya kwana da irin wannan nauyi ba. Earline ta zaci dangin Idella ne. Ba ta farga ba sai ranar da ta ga baƙin mutane da abin awo suna shiga suna fita, suna ƙwanƙwasa bango. A ranar Cleophus, wanda tuni ya sa hannu, ya gane ba Jarrod ne mai saye ba, ya kuma ji abin da ainihin mai sayen zai biya, kuɗin da ya fi wanda za a ba shi nesa ba kusa ba.

Earline ta ja shi wurin lauyoyin da ke taimaka wa marasa hali kyauta. Suka duba, suka ce takardar a ɗaure take, kuma tuni an kai ta an yi rajista a kan gidan, ko ya fasa ba zai iya sayar wa kowa ba sai an sha shari'a. Suka ce za su gwada in ya yarda. Bai yarda ba.

"Na sa hannu, Earline. Da idona biyu na sa. Ni ba yaro ba ne da zan je gaban alƙali in ce an yi min wayo."

Ranar da motar kwasar kaya ta zo kai shi gidajen tsofaffi na can bayan gari, Jarrod ma ya zo karɓar makulli. Earline ta tare shi a bakin titi da jiƙaƙƙen hannu.

"Kai, zo nan. Wa ya nuna maka gidan mutumin nan?"

"Ba kowa, Anti. Dakali ne ya kira ni." Ya faɗa yana dariya, irin ta mai alfahari da sana'arsa. "Ni zagayawa kawai nake yi a mota a hankali. A unguwar nan ba na buƙatar tambaya. Duk inda na ga dutse ya yi baƙi, to uwar gida ta mutu, ko ta kwanta, ko ta gaji da duniya. Sai in tsaya in yi sallama."

"Ko kunya ba ka ji?"

"Kunyar me? Na karya doka? Ke dai naki ko kati ban taɓa saka miki ba, asarar takarda ce." Ya ciro ɗaya daga aljihu ya miƙa mata. "Amma riƙe wannan, Anti. Gwiwa ba ta da tabbas."

Ba ta karɓa ba. Ta tsaya tana kallon baƙin dakalin Idella. Ashe kawaicin da ta yi wa ƙawarta shi ne ya nuna wa ɓarawo ƙofa.

Asabar ta gaba, da ta gama nata, ba ta zubar da ruwan ba. Ta tsallaka titi da bokitinta zuwa ƙofar Mis Odessa, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta durƙusa. Labule ya motsa a kowane gida. Odessa ta jawo jiki ta leƙo ta taga.

"Earline Gaskins! Uwar wa kika mayar ƙazama?"

"Ke. Ki koma ki kwanta."

"Wallahi in na sauko..."

"In kin iya saukowa ai na huta, sai in ba ki buroshin. Ki zage ni a cikin gidanki, Odessa, ya fi min ki gode min daga gidan tsofaffi."

Odessa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta, daga baya ta fara aiko mata da burodin masara. Tun daga nan duk ƙofar da aka yi rasuwa ko jinya a layin, da Asabar za ka ga bayan Earline a wurin. Motocin da ke tafiya a hankali suka riƙa wucewa ba sa tsayawa.

Amma ta san buroshi ɗaya ba zai tsare gari ba. Da faston cocinsu ya sanar cewa majalisar jiha za ta saurari jama'a a kan wata doka game da irin wannan ciniki, ita ta fara ɗaga hannu a kan za ta shiga bas ɗin da zai kai 'yan cocin wurin zaman. Ta je har gidan tsofaffi ta roƙi Cleophus ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya zauna a bakin gado da hularsa a gwiwa, a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci, ya ce a'a. Ya ce gara ya mutu da a nuna shi a talabijin a matsayin tsohon da yaro ya yi wa sakiyar da ba ruwa.

Ta tafi ita kaɗai a madadinsa, da hular zuwa coci. Ba ta iya dogon turanci ba, abu biyu ta nema. Wanda ya san ba shi zai sayi gidan ba, takardar zai sayar, ya faɗa ƙarara, a rubuta da manyan baƙaƙe. Kuma a ba mai gida 'yan kwanaki da zai iya fasawa bayan ya kwana ya tashi, ya kira 'ya'yansa. Dillalan su ma sun zo da nasu, suka ce akwai masu buƙatar sayarwa da gaggawa, gidan da ya lalace ba mai sayensa sai ta hannunsu. Akwai gaskiya a ciki, Earline ma ba ta musa ba, cewa ta yi in cinikin na gaskiya ne me zai rage don an faɗi gaskiya. Wata 'yar majalisa ta tambaye ta cikin ladabi ko mutumin da abin ya faru da shi yana nan.

"Kunya ta hana shi zuwa, ranki ya daɗe. Da ita suke cin abinci, kunyar tsofaffi."

Aka rubuta, aka gode mata. Zaman shekarar ya ƙare ba a kai ga dokar ba, aka ce sai baɗi. Earline ta ce to, baɗin ma tana nan.

Sai gwiwar ta ci amanarta, kamar yadda yaron nan ya faɗa. Aka yi mata aiki a asibiti a lokacin kaka. Rochelle ta zo ta yi jinya, hutunta ya ƙare ta koma. Earline ta dawo kwana a falo don ba ta iya hawa sama, tana jan ƙarfen dogarawa daga kujera zuwa kicin. Dakali kuwa ga ruwan sama, ga ganye, ga hayaƙin motoci. Waɗanda take wanke wa nasu ba mai iya durƙusawa a cikinsu. Matasan matan layin kuma, ko da sun ga ta karya dokar a ƙofar kowa, ba wadda ta yi ƙarfin halin kai buroshi ƙofar Mis Earline. Wa zai fara? Haka dutsen da bai taɓa dushewa ba tun zamanin uwarta ya soma yin toka-toka.

Katuna suka fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Waya ta riƙa ƙara, muryoyi masu zaƙi suna tambayar lafiyarta da sunanta. Wata ranar Laraba ta ga mota ta rage gudu daidai ƙofarta, ta tsaya, sannan ta wuce. Rochelle ta ce, Mama ko saurarensu ki yi mana, ba ki iya hawa bene, gidan me zai yi miki? A karo na farko Earline ba ta ba da amsar akwati ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta ji da kunnenta yadda maganar ta fara yi mata kama da hankali. Kati ɗaya ma ba ta jefar ba, ta ajiye shi kusa da magungunanta.

Ranar Asabar da safe tana zaune da kofin shayi ta ji wani sauti a waje. Ƙarar buroshi ce a kan dutse, amma ba tsari, kamar mai kankare tukunya da haushi. Ranta ya ɓaci kafin ma ta ga ko wane ne. Ta ja ƙarfenta zuwa taga ta ɗaga labule.

Hula ta fara gani. Mista Cleophus Dorsey ne durƙushe a kan jaridar da ya shimfiɗa, da wandon zuwa coci, sabon bokiti a gefensa ko takardar kanti ba a ɓare ba. Bas biyu ya hau kafin ya iso. Ta ɗaga gilashin.

"Cleophus! Uwar wa ka mayar ƙazama?"

"Ke," in ji shi, bai ɗago ba. "Ki koma ki zauna."

"Daga ƙasa ka fara? Daga sama ake farawa, mutumin Allah, ruwan dattin ai kan wanda ka wanke zai sauko! Shekara nawa kana kallon Idella?"

"Ban taɓa kallo ba. Tsallakewa kawai nake yi in wuce." Ya tsaya yana haki, ya dubi ƙofar tsohon gidansa da ke kusa, wadda yanzu aka yi mata sabon fenti da wani makulli mai lambobi. Sannan ya matsa da jaridarsa ya koma hawan sama. "Fasto ya ce an sake sa ranar zaman majalisar. Ki ce su ajiye min kujera a bas ɗin, ta gaba. Ba na zama a baya, ni direba ne."

"Za su sa ka a talabijin fa."

"Su sa. Zan cire hular ma su gan ni da kyau."

Earline ta ji hawaye ya zo mata, ta ƙi yarda ya gani. Ta saki labulen, ta ja ƙarfenta zuwa teburin magani, ta ɗauki katin nan ta yaga ta zuba a shara. Sannan ta dawo taga, don aikin nan in ba a tsaya a kansa ba ɓata shi zai yi.

"Kusurwar, Cleophus. Ka bar kusurwar. Ƙara sabulu."