Kamu Huɗu da Hannuna

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya a Guangzhou. 'Yan kasuwarmu da yawa suka tattara suka koma Kano, waɗanda ke gida kuma ba su samu shigowa ba. Ni da nake haɗa wa mutane kaya a unguwar Xiaobei sai na wayi gari ba abin haɗawa. Takarduna lafiya lau, aiki ne babu. Zaman banza ne ya sa na tuna da bayan mahaifina.

Baba dillalin fata ne. Yana bin kasuwannin ƙauye da tsohuwar motarsa, ya kwana biyu ko uku a hanya, kuma duk inda ya sauka tabarma yake shimfiɗawa a gindin mota. Da damina sanyin ƙasa ya kama masa baya. Na yi niyyar ƙera masa ɗan ɗaki mai taya biyu wanda motar za ta ja, marar nauyi, yadda in ya kafe a laka mutum biyu za su ɗaga shi. Akwai wani dalilin kuma. Tun ina yaro Baba yake cewa ko ƙusa ban iya bugawa ba, hannuna na karɓar canji ne kawai. Maganar ta daɗe tana cina, ina so sau ɗaya ya ga abin da hannun ya yi.

Na kira shi na tambayi tsawon da za a yi wa gadon ɗakin.

"Kamu huɗu," in ji shi. "Mutum ai kamu huɗu ne. Wannan ma sai ka ƙona kati?"

A gidanmu da kamu muke awo, wato daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Da shi muke auna fata, da yadi, da igiyar rijiya. Ban ƙara tambaya ba.

A bayan wata masana'antar jaka a garin Shiling na samu wani tsoho mai walda, ya yarda in yi aiki a kusurwar rumfarsa. Ba ya jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Laoban, wato maigida, nake ce masa, shi ma laoban yake ce mini, kowa maigidan kowa. Na zana masa abin a bayan kwali. Ya duba, ya soke ƙarfen da na zana, ya ɗauko bututun alminiyo ya ɗora mini a tafin hannu don in ji rashin nauyinsa. Tayoyi muka ciro daga wani keken ɗaukar kaya. Rufi kuwa yadin jaka ne wanda ruwa ba ya ratsawa, da zif dogo da ragar sauro, duk daga ragowar masana'antar. Na nemi katako mai kauri don shimfiɗa, ya ce, "Meiyou," babu, alhali ga shi jingine a bango. Siririn falanki ya ba ni, ya sa masa haƙarƙari uku a ƙasa, ya hau ya yi tsalle a kai. Bai karye ba.

Ranar yankan bututu ya miƙo mini tef ɗin awo. Na ture shi. Na naɗe hannun riga, na aza gwiwar hannu a kan bututun, ɗaya, biyu, uku, huɗu, na sa alama da alli. Ma'aikatan da ke kallon tseren ninkaya a talabijin suka juyo suna kallona. Tsohon ya sake miƙo tef ɗin, ya nuna wayata, yana nufin in kira a faɗa mini lamba. Na ji haushi, don a ganina raina awon ubana yake yi. Na buga yatsa a kan allin. Ya ɗaga kafaɗa ya yanka.

Mako biyar muka yi. Na ƙone a wuyan hannu sau biyu, na koyi ɗaure ƙusa ba tare da na cinye bakinta ba. Da muka gama, ni da tsohon muka ɗaga shi daga ƙasa ba nishi. Na shiga na kwanta, ya zauna mini cif. Muka kwance shi gunduwa-gunduwa, wani abokina ya saka mini a lungun kwantenarsa.

Bayan wata huɗu na je gida, na haɗa shi a ƙofar gida, maƙwabta na tsaye. Baba ya zagaya shi, ya ja zif ɗin sama da ƙasa, ya cire takalmi ya shiga ya kwanta. Ƙafafunsa suka leƙo waje, taƙi guda cur.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Ya fito ya zauna a bakin abin.

"Da hannun wa ka auna?"

"Da nawa, Baba."

"Kawo."

Ya haɗa gwiwar hannunsa da tawa. Yatsunsa suka wuce nawa da faɗin yatsa uku. Rabon da ya riƙe hannuna tun ina firamare. Ya juya shi, ya ga tabon ƙunar, ya daɗe yana dubawa.

"Hannun uwarka ka ɗauko," ya ce, ya sake ni.

Kunya ta rufe ni. Na ce gobe zan kai wa mai walda a ƙara masa tsawo. Ya ce a bar masa kayansa yadda suke, ba mai taɓawa.

Na koma Guangzhou da tunanin na sake faɗuwa. Daga baya ƙanena, wanda ke tuƙa shi kasuwa, ya gaya mini yadda ake ciki. Baba ya sayi safa mai kauri saboda sauro, ya ɗauki wani tsohon turmi daga madafa yana kifa shi a bakin ɗakin ya ɗora dugadugansa. Duk wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ƙafa take waje, sai ya ce ɗansa ne ya ƙera a Sin, kuma da hannunsa ya auna.